Saura Kwana 6 In Tashi, Akwatina Har Yanzu Wayam

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Na samu gurbin karatun digiri na biyu a ƙasar waje. Shekara 2 zan yi, kuma ba na jin zan leƙo gida kafin in gama. Biza ta fito tun watan jiya, tikiti yana hannu, yau saura kwana 6 in tashi. Amma Anti, kwana 9 ke nan akwatina yana buɗe a tsakar ɗaki, abin da ke cikinsa tawul ɗaya ne da safa. Har na saba tsallake shi in zan fita.

Kuma ba zaman banza nake yi ba. Shekaranjiya labulen ɗakina na wanke, jiya kuma na wuni ina goge tsofaffin hotuna a waya. Jerin kayan da zan ɗauka na rubuta shi sau uku, kowanne ya fi na baya tsari. Amma da zarar na ɗauko riga sai in tsaya ina juya ta, in tafi da ita ko in bar ta. Sai ƙirjina ya yi nauyi, in mayar da ita, in ce gobe da safe.

Yayana ya ce lalaci ne kawai, wai ba a fafe gora ranar tafiya. Umma ba ta ce komai ba. Takan tsaya a bakin ƙofa, ta dubi akwatin, ta dube ni, ta tambaya ko na ga makullinta, ta wuce. Ni ce auta, kuma tun rasuwar Abba daga ni sai ita a gidan. Ni na nemi karatun nan da kaina, har kukan murna na yi ranar da aka ɗauke ni. To me ke damuna?

Ƙanwarki mai jan ƙafa

Wa'alaikumus salam ƙanwata, ina taya ki murna, Allah ya sa albarka a karatun.

Malalaciya ba ta wanke labule, don haka ki ajiye maganar lalaci a gefe. Batun gora kuwa, nan yayanki ya yi gaskiya, za mu dawo kansa.

Kin riga kin ba kanki amsa a ƙarshen wasiƙarki, kin dai faɗe ta a tsaitsaye ne kamar ba komai ba. Muddin akwatin nan yana wayam, tafiya zance ce kawai. Ranar da kika ja zif ɗinsa, ranar ta tabbata za ki bar Umma ita kaɗai. Zuciyarki ta san haka, shi ya sa take aika ki wankin labule. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi rubutu a kan wannan a 2013. Abin da suka nuna shi ne mai jan ƙafa ɗacin da aikin ke tayar masa yake gudu: ya samu sauƙi yau, ya bar wa kansa na gobe bashin. Ke bashinki jirgi ne zai zo karɓa, shi kuma ba a ba shi haƙuri.

Yau kada ki taɓa babban akwatin. Jakar hannu kawai za ki haɗa, don ita ce ke ɗauke da abin da in kin manta shi ba za ki same shi a kanti ba. Fasfo, ki buɗe ki duba ranar ƙarewarsa da idonki, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6. Takardar ɗaukarki karatu, takardun shaidar karatunki na asali, ki ɗauki hoton kowacce ki tura wa kanki ta imel. In kina shan magani kullum, ki bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Fawa-bankin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, an hana sa shi a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Turare da man shafawa kuwa akasin haka ne: a yawancin filayen jirgi duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta wucewa a jakar hannu, kina ji kina gani za a jefa ta a kwandon shara. Ki ƙara kaya kala ɗaya na canzawa, ko da akwati zai makara. Wannan duka aikin awa ɗaya ne.

Gobe sai tufafi. Abin da ke tsayar da ke shi ne kina ƙoƙarin cusa shekara 2 cikin akwati. Kayan sati biyu za ki ɗauka. Can ma mutane ne ke zaune, suna da kasuwa da injin wanki. Ki duba tikitinki ki ga nauyin da aka ba ki. Kamfanoni da dama kilo 23 suke ba kowane akwati, kuma kuɗin ƙari yana da zafi. Ki hau sikeli ke kaɗai, ki sake hawa riƙe da akwatin, ki cire bambancin. Duk rigar da kika juya fiye da sau ɗaya a hannu, ta zauna. Ni da nake ba ki shawara na taɓa jigilar takalma bakwai zuwa wata uwa duniya, biyu kawai suka taka ƙasa. Ki rufe akwatin kwana 2 kafin tafiya, don ranar tashi awa 3 kafin lokaci ake so ki isa filin jirgi.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba in ke kaɗai za ki yi shi a ɗaki a rufe. Ƙanwata, Umma ba makulli take nema ba. Tana zuwa ne ta ga ko lokacin ya yi, kuma kowaccenku tana ɓoye wa 'yar'uwarta hawaye don kada ta karya mata zuciya. In ta sake tsayawa a bakin ƙofa, ki ce, “Umma, ki shigo ki taya ni ninkewa, na kasa.” Za ku yi kuka, ku yi abinku, sabo ake yi wa kuka. A zaman nan ne za ku yi maganar da kuke ta kewayewa: wa zai riƙa kwana da ita, wace rana yayanki zai riƙa zuwa, ƙarfe nawa za ki riƙa kira in an lissafa bambancin lokaci. Ki sa ta kira ki ta bidiyo daga falo sau biyu ko uku, har hannunta ya saba tun kina kusa. Ki kuma roƙe ta mayafinta ɗaya, wanda take yawan sawa, kada a wanke shi.

Tawul ɗin nan dai ki cire shi, wuri kawai yake ci.

Antinki