Daminar Arizona: dutse za ka riƙa kallo, ba saman kanka ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka sauka Tucson, birni a jihar Arizona ta Amurka, a tsakiyar Yuli, an gaya maka hamada ce, amma kullum ka duba hasashen yanayi a waya sai ka ga alamar tsawa. Kana tambaya ko wayar ce ke shirme, kuma ko za ka iya hawa tsaunukan da ke kewaye da garin a wannan lokaci. Wayarka lafiyarta ƙalau. Daminata takwas a garin nan, ga abin da na gani.

Hamada ce, babu ƙarya. Ruwan shekara guda wajen inci 11 ne, amma kusan rabinsa a 'yan watannin nan yake sauka. Mutanen nan suna kiran lokacin monsun. Tun 2008 hukumar yanayi ta yanke masa ranaku, daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, sai dai wannan lissafin takarda ne. Yuni wuta ce tsantsa, zafi ya haura digiri 40, iska a bushe ƙamas. Sai wajen farkon Yuli iska take juyawa, ta bar zuwa daga yamma ta koma kudu da kudu maso gabas, ta kwaso laima daga mashigin tekun Kalifoniya da ke Meksiko. Jikinka ne zai fara ba ka labari: gumin da a da yake bushewa nan take sai ya fara tsayawa a riga.

Abin da na yi damina biyu ban gane ba shi ne, a kan dutse hadarin nan yake haɗuwa. Garin yana cikin kwari, sama da teku da mita 700 da ɗoriya. Tsaunukan Santa Catalina suna arewa, Rincon a gabas, Santa Rita a kudu, ƙololuwar Mount Lemmon kuwa, mafi tsayi a Santa Catalina, ta kusa mita 2,800. Da safe sama tas take. Rana tana gasa gangaren dutse, iska mai zafi ta bi gangaren ta hau, tana hawa tana hucewa, laimar cikinta ta zama gajimare. Da hantsi za ka hango ɗan fari kamar auduga a kan ƙololuwa, ka raina shi. Kafin azahar ya miƙe kamar hasumiya, gindinsa ya yi baƙi. Da ruwa ya kece a can sama, iska mai sanyi ta gangaro kwari da gudu, ta shiga ƙarƙashin mai zafi ta ɗaga ta, wani hadarin ya haɗu a inda ba ka zata ba. Haka wannan ke tayar da wancan daga la'asar har dare. Shi ya sa unguwa ɗaya za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta kusa da ita ko ɗigo. Wani lokacin ma za ka ga ruwan yana zubowa daga gajimare kamar geza, ya ƙafe a iska bai taɓa ƙasa ba, sai walƙiya kawai.

Batun hawa dutse, ka hau, amma ka fita da asuba, ka tabbata ƙarfe goma sha biyu ta same ka kana saukowa. Ni na taɓa yin gardama. Damina ta biyu na tashi a makare, na ce ai sama ba komai. Wajen ƙarfe biyu ina kan tudu fili, iska ta tsaya cak, sannan ƙanƙara ta fara dukana, ga riga shara-shara, ga sanyi har haƙora. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa ban ƙirga uku ba, ke nan aradun ba ta kai nisan kilomita ɗaya ba. Da ƙyar na kai mota. Tun ranar, in na ji tsawa sai mota ko gini, kuma ba na fita sai an yi rabin sa'a ban ƙara jin ta ba.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne busassun rafuka. Garin cike yake da su, manya irin Rillito da Pantano da ƙanana ba adadi, yashi zalla yawancin shekara, wasu tituna ma ta cikinsu suka ratsa babu gada. Ƙasar dutse ba ta shan ruwa. Abin da ya zuba a sama yana tattaruwa ya biyo kwazazzabo da laka da itace da duwatsu, ya iske mutumin da ke tsaye cikin rana ƙwal. A Agustan 1997 masu yawon buɗe ido 11 suka mutu a Antelope Canyon, wani matsattsen kwazazzabo a arewacin Arizona, ruwan da ya cinye su a nesa aka yi shi. A Yulin 2017 mutum 10 'yan gida ɗaya suka rasu a wurin wanka kusa da garin Payson, ruwan ya biyo ta inda gobarar daji ta ƙone. Inda wuta ta ci ya fi haɗari, don babu ciyawar da za ta riƙe ruwa, kuma mu ma gobarar Bighorn da aradu ta tayar a 2020 ta cinye babban ɓangare na Santa Catalina. In ka ga ruwa yana ratsa titi, ka juya, ko da kana ganin bai kai gwiwa ba. Arizona tana da doka tun 1995: wanda ya kewaye shingen da aka sa ya shiga ruwa har aka zo ceto, ana iya ɗora masa kuɗin ceton.

Guguwar ƙura, wadda suke kira habub kamar 'yan Sudan, ta fi yawa a hanyar Phoenix. Wadda ta rufe birnin ranar 5 ga Yulin 2011 har yau ana maganarta. In ta tare ka, sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka tsaya, ka kashe duk fitilu, ka ɗauke ƙafa daga birki, don na bayanka kada ya ɗauka kana tafiya ya biyo haskenka.

Kada kuma ka sa rai kowace damina iri ɗaya ce. A 2020 ko inci 2 ba mu samu ba. A 2021 aka yi kusan 13, tsaunuka suka yi kore shar.

Ranar da ruwan farko ya sauka, ka buɗe taga. Akwai wani tsiron daji da ake kira kiriyosot, yana jiƙewa garin duk ya ɗauki ƙamshinsa. Da dare kwaɗin da suka yi watanni a binne cikin ƙasa za su fito su hana ka barci. In maƙwabcinka yana da kare za ka ji yana ta kiransa ciki, don akwai wani ƙaton kwaɗo a cikinsu mai dafi a fata, kare ya lasa sai asibiti. Allah ya kawo ka lafiya.