Amsa: Tsawon watannin kalandar Yahudawa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko watannin Yahudawa daidai suke da namu na Hijiriyya. Suna kama, domin duk na wata ne, amma akwai bambanci babba.

Nisan, Siwan, Ab, Tishri da Shebat kwana 30 ne kullum. Iyar, Tammuz, Elul, Tebet da Adar kuma 29. Heshwan da Kislew ne ba su da tsayayyen adadi, wani lokaci 29, wani lokaci 30. Da su ake gyara lissafi don kada sabuwar shekara, ranar 1 ga Tishri, ta faɗo Lahadi, Laraba ko Juma'a. Shi ya sa shekararsu kan yi kwana 353, 354 ko 355.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wata na 13. Sau 7 cikin kowane shekaru 19 sukan ƙara wata guda kafin Adar, wato Adar na farko mai kwana 30, shekara ta kai 383 zuwa 385, don Idin Ƙetarewa, wani babban bikinsu na addini, ya tsaya a lokacin bazararsu. Mu ba ma ƙari, shi ya sa azuminmu ke zagaya damina da hunturu. Kuma yanzu lissafi suke bi, ba ganin jinjirin wata ba.