Amsa: Dalilin da ya sa kuɗin aikin gininka bai fito daidai ba a Microsoft Project

Malam, na karanta tambayarka cewa ka raba wa magina da leburori ayyuka a ginin da kake kula da shi a Kubwa, amma jimillar kuɗin da Microsoft Project, manhajar tsara ayyuka da lissafin kuɗinsu, ke nunawa ba ta yi daidai da abin da ka kashe ba.

Ka fara duba yadda ka shigar da abubuwan aikin, domin manhajar ta kasa su gida uku. Magini da lebura ana lissafa su da lokaci, siminti da rodi da yashi ana lissafa su da adadi, kamar buhu ko tifa, kuɗin sufuri kuwa sai ka rubuta shi da hannunka a kan kowane aiki. Wanda ya shigar da siminti a matsayin ma'aikaci zai ga lissafinsa ya dagule.

Sannan ka gyara kalanda. Manhajar tana ɗauka ana aikin awa 8 a rana daga Litinin zuwa Juma'a, alhali mu a nan Abuja ana fita ranar Asabar, kuma ana tsayawa domin sallar Juma'a.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne farashi. Idan buhun siminti ya tashi, kada ka goge tsohon farashin, ka ƙara sabon tare da ranar da ya fara aiki a teburin farashi, domin kada lissafin makonnin baya ya sauya. Na taɓa goge tsohon farashi a wani aiki, na kwana biyu ina bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma adana tsarin farko, wato jadawalin aiki da ƙiyasin kuɗin da ka tsara, kafin a fara haƙa harsashi, domin da shi manhajar ke kwatanta abin da aka kashe.