Jerin gwano a cikin waya: amsa ga mai haɗa kwamfuta da fiyano

Wani mai karatu daga Kano, mai haɗa kiɗa a sitidiyo, ya rubuto mini cewa: "Malam, ina da tsohuwar kwamfuta mai irin kafar nan ta dā mai tsinkaye tara, ina so in riƙa sarrafa fiyano da ita ta hanyar MIDI. Yarana kan tambaye ni me ke bi ta cikin wayar, sai in ce musu sauti ne. Daidai ne? Ita kuma kafar, me za mu kira ta?"

Ɗan'uwa, ba sauti ba ne. Sauti shi ne abin da kunne ke ji, kuma da za ka kara kunnenka a jikin wayar nan tun safe har dare ba za ka ji ko ƙyas ba. Abin da kwamfuta ke aikawa lambobi ne: danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, yanzu kuma sake shi. Kowane maɓalli yana da lambarsa daga 0 zuwa 127, na tsakiyar fiyano da ake kira C shi ne 60, kuma waya guda na ɗaukar tashoshi 16, wato za ta iya kai bayanin kayan kiɗa 16 daban-daban. Fiyanon shi ke haifar da sautin bayan ya karɓi lambobin. To, me za mu kira waɗannan lambobi? Na auna kalmar "ishara", na ga ta gaza, domin ishara na bukatar mai hankali ya gano nufinka. "Saƙo" ba laifi, amma ana iya karɓar saƙo a ajiye. Ni "umarni" na zaɓa, don na'ura ba ta da ta cewa. Wannan tsari na aika umarni ga kayan kiɗa, wato MIDI, ya fito ne a 1983, da ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, don kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su ji yaren juna.

Batun suna kuwa, a fara da lura: kafa ce, ba ƙafa ba. Kafa ƴar ƙaramar mashiga ce, wadda ta ba mu "kafofin watsa labarai". Lanƙwasa ɗaya a saman harafi ta raba rami da abin takawa, kuma yana damuna ƙwarai yadda matasa ke watsi da ita a rubutu.

Halin wannan kafa shi ne ba ta fitar da bayani a dunƙule, sai ƙwaya ɗaya bayan ɗaya a kan layi guda, kowace ƙwaya kuwa 0 ce ko 1. Bahaushe ya riga ya ga haka a ƙasa tun kafin a san lantarki. Gwano, ƙwaron nan baƙi mai wari, idan ya fita nema a sahu yake tafiya, wani na bin wani. Daga nan aka sami "jerin gwano", har ake faɗinsa ga motoci da masu zanga-zanga. Don haka ina ba da shawarar "kafar jerin gwano". Umarnin danna maɓalli ɗaya ƙwayoyi 30 ne a jere, suna wucewa cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa.

Mai tambayar ya ƙara da cewa da ya jona su fiyanon bai amsa ba, abokinsa ya ce masa "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya". Yana son sanin ko karin maganar ta dace.

Ma'anarta ita ce idan yanayi ya juya, mutum ya juya dabararsa. Sharaɗinta shi ne a dā kiɗan da rawar sun dace, daga baya ɗaya ya canza. A nan kuwa tun farko ba su taɓa haɗuwa ba. MIDI na tafiya da ƙwayoyi 31,250 a daƙiƙa, kafar kwamfuta kuma saurin da ta saba da shi mafi kusa daga sama shi ne 38,400. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne kiɗa daban, rawa daban. Shi ya sa a shekarun 1990 Yamaha da Roland suka riƙa sanya wa wasu na'urorinsu wata kafa ta musamman mai suna TO HOST a na Yamaha, COMPUTER a na Roland, wadda ke karɓar saurin kwamfuta kai tsaye.

Ka duba bayan fiyanonka ko tana nan. In babu, sai ka nemi ɗan akwatin da ke tafinta tsakaninsu. Kada ka yanke waya ka haɗa da hannunka, domin wutar da kafar kwamfuta ke fitarwa kan kai bolt 12, MIDI kuwa a kan bolt 5 aka gina shi.