Autana Ba Ya Ƙoshi, Yayarsa Ta Daina Ci

Assalamu alaikum Anti, ya ɗawainiya da mu? Allah ya saka da alheri.

Ni uwa ce, muna zaune a Unguwar Rimi. Autana shekararsa 9, amma in kin gan shi sai ki ce ɗan 13 ne saboda ƙiba. Bene ɗaya zai hau ya kama haki, wuyansa ya yi baƙi ƙirin, na cuɗa da soso har na gaji. Yana dawowa daga boko sai indomi biyu da lemon kwalba, daga Islamiyya kuma ya zarce ɗakin kakarsa inda ba a rasa cincin da fanke. In na yi magana sai Hajiya ta ce in ƙyale mata mijinta, ai ƙiba alamar hutu ce.

Yayarsa mai shekara 14 ita ma a da haka take. 'Yan ajinsu suna ce mata Ɓuleliya, ni ma, Allah ya yafe mini, na sha ce mata wa zai kwashe ki a haka. Bayan ƙaramar sallah ta ɗaura aniya. Ta bar tuwo da shinkafa, tana azumin Litinin da Alhamis, sauran ranakun ta ce ramuwa take yi, ta kuma sa aka sayo mata shayin rage ƙiba. Cikin wata biyar ta zube, har an kai kayanta wajen tela, kowa sai yaba ta yake. Sai dai sau biyu ina tsintar abincinta ƙulle a leda cikin shara, in ta ci abu kuma sai ta shige banɗaki ta kunna famfo. Tana yawan jiri, al'adarta ma wata uku ba ta zo ba.

Anti, ya zan yi shi ma ya yi koyi da ita? Ina tunanin fara ba shi shayin, in kuma hana shi cin dare.

Maman yara, Unguwar Rimi, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwata.

Kin tambaye ni a kan auta, amma ki yi haƙuri, da yayarsa zan fara, don ita ce ta hana ni sukuni. Ƙibarsa matsala ce mai tafiya a hankali, ta shekaru. Abin da ke damun yarinyar nan kuwa ba ya jira.

Ɓoye abinci, amai bayan ci, jiri, ɗaukewar al'ada: waɗannan alamomin cutar ƙin cin abinci ne, wadda likitoci ke kira anoreksiya, kuma tana cikin cututtukan da suka shafi tunani da suka fi kisa. Yawan amai da zawo suna zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata wajen bugawa daidai, shi ya sa yarinya kan faɗi ba zato. Kada ki ce ai ba ta zama ƙashi da rai ba. Wadda ta faro daga ƙiba tana iya shiga haɗari alhali jikinta a ido daidai yake, mu kuma muna ta tafa mata. Na san inda zuciyar uwa ke fara zuwa in an ce al'ada ta ɗauke. Kada ki tuhume ta, yunwa kaɗai tana jawo haka.

Batun ramuwa kuma, Ramadan ɗin gaba ɗaya bai wuce kwana 30 ba, wace ramuwa ce ta wata biyar? Addinin da ya ɗauke wa mara lafiya azumin farilla ba zai ɗora mata na nafila ba. Ta dakata har ta warke.

A makon nan ki kai ta wajen likitan yara, asibitin Barau Dikko ba nisa da ku. Ki faɗi maganar leda da famfo dalla-dalla, a auna bugun zuciya da jini. In an tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa kada ki ja baya don gudun bakin mutane, a can masu warware irin wannan suke. Kada kuma ki tsare ta da bulala ki ɗura mata tuwo, jikin da ya daɗe cikin yunwa a sannu ake mayar masa da abinci. Sannan ki same ta ku biyu ki janye waccan magana ta aure. Ba ta manta ba.

Shayin ki zubar da shi yau. Yawancinsu kayan sa zawo ne irin filasko, ruwan jiki suke kwashewa ba kitse ba.

To auta. Hanyar da kike shirin ɗora shi a kai ita ce ta kai yayarsa inda take: tsokana, hani, kunya. Yaron da aka hana tuwon dare zai koyi ci a ɓoye ne kawai. Amma ba na ce ki naɗe hannu ba. Baƙin wuyan nan ba dauɗa ba ne, sau da yawa alama ce jiki ya fara kasa sarrafa sukari, don haka shi ma a gwada shi ranar da za ku je. Kuma ba ɗanki kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160 ke fama da ƙiba mai yawa.

Tukunyar gidan za ki gyara, ba kwanonsa ba. Lemon kwalba mai 50cl yana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali 10, ki daina ajiye shi a firij, ga zoɓo da kunun aya in an sassauta musu zaƙi. Ɗanwake, alale, kwaɗon zogale, gwanda, kowa ya ci a faranti ɗaya ba talabijin, ba wanda za a ƙirga wa loma. Ya samu awa ɗaya kullum yana guje-guje, ko ƙwallo ce a layi. A shekarunsa sau da yawa ba rama ake nema ba, nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi.

Hajiya kuwa ba ke za ki tunkare ta ba. Ki bar maigida ya kai mata sakamakon gwajin da kansa, ya roƙe ta ta riƙa ajiye wa mijin nata gyaɗa da lemon zaƙi a madadin fanke.