Tambayi Bakanike: Na tashi a-kori-kurar Baba, amma sitiyari ya ƙi jin magana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, barka da ƙoƙari. Ni mai bibiyar wannan fili ne daga Kurna. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana a-kori-kura Peugeot 404, da ita ya yi ta jigilar hatsi daga Dawanau har ya aurar da mu duka, ta fi shekara goma a jibge a ƙofar gida yara na wasan ɓuya a bayanta. Bara na ce wallahi sai na tashe ta. An sauke inji an yi masa aiki, an yi bodi an fesa farin fenti, na sa mata rim na zamani da tayoyi masu faɗi, yanzu duk inda na faka sai an taru ana ɗaukar hoto. Matsalata sitiyari. In na hau titin Katsina sai ta dinga yawo kamar kwale-kwale, ina juya sitiyarin kusan taƙi guda kafin taya ta amsa, ga ta tana ja dama, in na kai gudun 80 kuma hannuna ya kama karkarwa. Sau biyu ina kai ta alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kuɗi sun tafi ba abin da ya canja. Yanzu wani ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa in sayi rak ɗin sitiyari sukutum, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya tayoyin gaba. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Kar ka saya tukuna, riƙe kuɗinka a aljihu. Kuma don Allah ka daina kai ta alaimen, ba laifin mai alaimen ba ne, ai ba a ɗinki a kan yadin da ya ruɓe. In akwai lilo a ƙafar mota, ana saita ta a kan na'ura, kana fita ka faɗa rami ɗaya komai ya koma gidan jiya. Alaimen shi ne aikin ƙarshe, kai kuma ka fara da shi.

Na lura a wasiƙarka ka lissafo inji, bodi, fenti, rim, amma ban ji ka ambaci roba ko ɗaya ba. To nan gizo ke saƙar. 404 mota ce da ta fito a Faransa tun 1960, mu nan kuma ta cika ƙasa bayan an buɗe kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna a 1975, ƙarfenta ba ya gajiya, amma robar da ta sha zafin Kano da ƙurar hunturu shekara goma a tsaye ta riga ta zama ƙanzo.

Ga abin da za ka yi da safe kafin ka kunna ta, kuma kyauta ne. Ka ajiye ta a fili shimfiɗaɗɗe, tayoyi a ƙasa, inji a kashe, ka sa ƙaninka ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, daidai iya lilon nan kawai, kai kuma ka buɗe bonet ka bi sandar sitiyarin da ido daga sama zuwa ƙasa. Kafin sandar ta shiga rak akwai wata roba zagayayya kamar faifai da kusoshi suka ratsa ta, ita ke haɗa sama da ƙasa. In ka ga sandar sama na juyawa ta ƙasa kuma tana jira sai daga baya ta bi, ko ka ga robar ta tsattsage a bakin kusoshin, to ka kama ɓarawonka. Na taɓa samun irin motarka a garejinmu, mai ita har ya yi cinikin rak, muka ciro robar nan, na lanƙwasa ta da yatsa biyu ta dare kamar busasshiyar gurasa. Abin da ya kashe bai kai kuɗin man da ya ƙona yana yawon neman rak ba. Kuma wannan robar ba abin wasa ba ce, in ta yanke a kan hanya sitiyari ba ya hannunka.

In robar lafiya lau take sai ka sauka ƙasa, ƙanin naka na ci gaba da kaɗawa, ka dafa kowane tayarod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, da hannu, mai lilo za ka ji shi yana ƙwas-ƙwas a tafin hannunka tun kafin ido ya gani. Duba kuma kusoshin da suka ɗaure rak ɗin, bayan aikin inji yara kan manta su ɗaure su tamau, sai rak ɗin gaba ɗaya ya dinga zamewa. Robobin nan masu kama da zugazugi da ke rufe bakin rak hagu da dama, in sun yage ƙasa ta shiga ta haɗu da giris ta zama kamar yashin wanke tukunya, tana cin haƙoran. Wannan ne kaɗai zai sa in yarda a yi maganar rak.

Daga nan a ɗaga gaba da jak, a sa mata waigi mai ƙarfi, ban yarda mutum ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba. Kama taya ta gefe da gefe ka girgiza, in ta yi lilo tayarod ne ko rak. Kama ta sama da ƙasa, in ta yi lilo boljoyin ne, wato gaɓar da ƙafar mota ke juyawa a kanta, ko boris ɗin da taya ke garawa a kansa. Yadda za ka raba su, a taka birki a riƙe ka sake girgizawa, in lilon ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Kuma in wani ya ce zai bubbuga maka boljoyin da guduma ya matse, ko ya cusa masa guntun tub, ko ya yi wa tayarod walda, ka yi masa godiya ka ɗau motarka. Irin wannan gyaran ba ya daɗewa.

Maganar ja dama daban take. Fara da iska, a auna da geji ba da dukan taya da sanda ba. In iska daidai take a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, in jan ya koma hagu to taya ce. In bai canja ba, yi tafiya kaɗan ba tare da yawan taka birki ba ka tsaya ka kai hannu kusa da rim ɗin gaba biyun, in na dama ya fi zafi birki ne ke riƙewa, abin da ya zama ruwan dare ga motar da ta daɗe a ajiye. Amma ni inda zuciyata ta fi karkata shi ne baya. Motar da ta yi rayuwarta tana ɗaukar buhunan Dawanau har bodi na neman taɓa taya, sifirin ɗinta na baya ya ga duniya. Akwai kusa a tsakiyar ganyen sifirin da ke riƙe aksil a mazauninsa, in ta karye aksil ya goce, sai mota ta dinga tafiya a karkace kamar kare, kai kana ta faɗa da sitiyari alhali ciwon na baya. Ɗauko tef irin na tela ko igiya, ka miƙe tayoyin gaba, ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. In tsawon bai zo ɗaya ba, ka san inda za a duba.

Karkarwa a gudun 80 kuwa yawanci rashin balansin ne, wato daidaita nauyin taya, ko rim da ya lanƙwashe. Sai dai rim ɗin nan naka na zamani, ka yi haƙuri, ban so su ba. 404 ba ta da fawa sitiyari, don siririyar taya aka ƙera ta, in ka sa mai faɗi sitiyari zai yi nauyi, tana bin duk wani kwari da ke kan kwalta, ga wahalar da boris da boljoyin. In rim ɗin ma ba su zauna daidai a tsakiya ba, ko an yi balansin sau goma sai ta yi rawa. In na Baba na asali suna nan a ɗaki, a wanke su a fesa musu fenti a mayar. Tayoyin kuma in 'yan gwanjo ne duba lambobi huɗun da ke gefe bayan rubutun DOT, misali 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019, don wata tayar zanenta fes amma ta tsufa ta ƙandare.

Sai ka gama duk wannan, lilo bai wuce faɗin yatsa biyu a bakin sitiyari ba, sannan ka koma wajen mai alaimen sau ɗaya. Kafin nan kar ka ɗebi iyali a cikinta, kar kuma ka hau titin Zariya da ita. Ka rubuto mana abin da ka gani a robar nan, ni ma ina son in ji.