Tambayi Lauya: Ƙanena mai taɓin hankali ya shekara 4 a gidan yari ba a fara shari'arsa ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ni tela ce a Jega. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunsa 29, yana da lalurar taɓin hankali. In yana lafiya har dakon albasa yake yi a kasuwa, in ta motsa kuma sai ya daina barci, ya riƙa cewa ana bin sa za a kashe shi. Sau biyu muna kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, aka ɗora shi kan magani ya samu sauƙi. Da mahaifinmu ya rasu kuɗin magani ya gagare mu. Wata ranar kasuwa ya ɗauki icce ya rotsa wa wani bawan Allah kai. Mutumin ya yi kwana 9 a asibiti ya warke, ya ma zo har gida ya ce wa Inna ya yafe. Amma 'yan sanda sun rubuta yunƙurin kisan kai, majistare ya ce a ajiye shi gidan yari sai shawara ta zo daga Ma'aikatar Shari'a. Yau shekara 4 da wata 3. Zuwanmu na ƙarshe bai gane Inna ba, ta yi ta kuka har muka iso gida. Wani ya karɓi kuɗinmu zai nemo fayil, shiru. Wani kuma ya ce kada mu kuskura mu faɗa wa kotu ba shi da hankali, wai in aka rubuta haka ba zai ƙara fitowa ba. Barista, doka ta yarda da wannan ajiya? Mu faɗi ciwon nasa ko mu yi shiru?

Daga wata 'yar'uwa a Jega, Jihar Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya ba Inna haƙuri. Doka ba ta yarda da wannan ajiya ba, kuma ciwon nasa ku faɗe shi, amma a rubuce, da hannun likita. Bari in yi miki bayanin yadda aka yi ya maƙale, don sai kin san inda igiya ta ƙulle za ki iya kwance ta.

Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron manyan laifuka irin na kisa ko yunƙurinsa, na Babbar Kotu ne. Abin da 'yan sanda suke yi shi ne su kai mutum gaban majistare don kawai ya ba da umarnin tsarewa, su kuma su aika fayil ɗin bincike ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a Ma'aikatar Shari'a. Lauyan gwamnati ya karanta ya ce ko a gurfanar da shi a Babbar Kotu, ko a rage tuhumar, ko a sallame shi. A wannan tsakanin ne mutane suke ɓata. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki, fayil ɗin bai bar caji ofis ba, ko ya tafi an jibge shi ƙarƙashin wasu. Majistare na jiran ma'aikata, ma'aikata ba ta san da zancen ba, gandiroba kuwa takardar tsarewa ce a hannunsa, ba shi da ikon buɗe ƙofa sai da wata takardar. Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Mai hankali a cikinsu yakan yi ta ƙorafi, ya aika saƙo gida, ya tare duk baƙon da ya shigo da kwat ya ba shi labarinsa. Irin ƙanenki yana can lungu bai san ma wace shekara ake ciki ba. Na sha shiga ɗakin da ake ware su, in tambayi mutum sunan kotunsa, ya dube ni ya yi dariya.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda yake tsare kuma ba a yi masa shari'a cikin wata 2 ba, a sake shi, ko da sharaɗi ko babu. An togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, ƙanenki kuwa ba ya ciki tunda mutumin yana raye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yanka wa umarnin tsarewa kwana 14 a karon farko, ana iya sabunta shi 'yan lokuta ƙalilan, daga nan in masu ƙara ba su kawo dalili ba alƙali ya sallami mutum. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, har da Kebbi. Adadin kwanakin yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ko'ina lissafin kwanaki ake yi, babu inda aka ce shekaru. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta umarci shugaban gidan yari ya ƙi karɓar wanda aka kawo masa ba ya cikin hankalinsa. Tun a bakin ƙofa ya kamata a ce an juya da shi asibiti.

Yanzu maganar wanda ya ce ku yi shiru. Ba zan ce ƙarya ya yi ɗungurungum ba, akwai abin da ya hango. Doka tana duba ciwon hauka a lokuta biyu daban. Na farko, lokacin da aka aikata abin: sashe na 51 na tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya yi alhali rashin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ko sanin cewa ba daidai ba ne. Na biyu, lokacin shari'a: shin zai iya fahimtar tuhumar ya kare kansa? In likita ya ce ba zai iya ba, dakatar da shari'ar ake yi har ya samu sauƙi. To a duka biyun, kotu na iya cewa a tsare shi a wurin da ya dace har sai hukuma ta ga dama, kuma da yake gadajen asibitin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan, wurin da ya dacen nan sau da yawa gidan yarin ne dai. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Wannan gado ne daga dokar mahaukata ta zamanin Turawa, ta 1958, wadda ta ɗauki mai wannan ciwo abin killacewa. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbinta, kuma har yanzu aiki da ita bai gama ratsa kotuna ba.

Sai dai ki duba, shekara 4 kuna shiru, me shirun ya haifar? Abin da ake tsoro ai shi ya riga ya faru, har ma ba magani. Dokar da ta ba kotu damar tsare shi ita ce kuma ta ba ta damar miƙa shi hannun danginsa, in laifin na beli ne kuma sun ɗauki alkawarin kula da shi, da hana shi cutar da kansa ko wani, da kawo shi duk ranar da aka neme shi. Wannan ƙofar za ku nufa, kuma alƙali ba zai buɗe ta da hawayen Inna kaɗai ba, sai ya ga takarda.

Saboda haka ki tono katinsa na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Ko ya yage, ko lambar kawai ta rage, ya isa a nemo tarihinsa. Wannan kati shi ne shaidar cewa ciwon ya riga laifin, ba bayan an kama shi aka ƙirƙiro ba. Ki je wurin magatakardan kotun da ta tsare shi ki karɓi lambar ƙarar da ranar zaman ƙarshe, ki kuma nemi ganin jami'in walwala na gidan yarin ya duba miki takardar tsarewar. Da waɗannan a jaka ki shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ofishin hukumar ba da tallafin shari'a, wato Legal Aid Council. Dominku aka kafa ta, ba a biyan kuɗin lauya. In kin ga ana jan ƙafa, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da reshen ƙungiyar lauyoyi. Wanda ya karɓi kuɗin neman fayil kuwa, kada ki ƙara masa ko sisi. Wasiƙar lauya zuwa ga Kwamishinan Shari'a, mai ɗauke da lambar ƙara, ta fi shi saurin tono fayil.

Lauyan zai iya shigar da buƙata a Babbar Kotu, ta beli da umarnin likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ko ƙarar tauye haƙƙi ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki. Ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ke tsare, don haka ke kanki kin isa ki rantse a takardar. Akwai kuma gajeriyar hanya da nake so ki riƙe da kyau. Wata doka ta 1977 ta ba Babban Jojin jiha ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa doka ƙarara, shi ya sa kike jin ya kai ziyara gidajen yari ya sallami mutane. Jerin sunayen da ake karanta masa tun kafin ranar ake haɗa shi, kuma wanda ba shi da mai tuna da shi ba ya shiga. Ki roƙi jami'in walwala da lauyan su sa sunansa.

Mutumin da aka rotsa, ku koma masa da mutunci, da wani dattijon unguwa, ya rubuta yafiyarsa ya rantse a kotu. Yafiyarsa ba ta kashe ƙarar gwamnati kai tsaye, amma Kwamishinan Shari'a yana da ikon janye ƙara, kuma irin wannan takarda takan sauƙaƙa masa. In ba ku biya masa kuɗin asibiti ba, ku haɗa abin da ya samu. Ko a fiƙihun Malikiyya haka abin yake: an ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya farfaɗo, babu ƙisasi a kansa, amma haƙƙin wanda aka ji wa ciwo ba ya faɗuwa. A Muwaɗɗa an kawo cewa Marwan ya rubuta wa Mu'awiya game da mahaukacin da ya kashe mutum, Mu'awiya ya amsa masa cewa a tsare shi kada a yi masa ƙisasi.

Saura abin da alƙali zai tambaye ku, gara in riga shi. In an ba ku shi, ina za ku kai shi, wa zai sayi magani? Yankewar magani ce ta kawo ku nan. Ku zauna da kawunnanku da baffanninku tun yanzu a raba nauyin wata-wata, a fitar da namiji ɗaya mai adireshi tsayayye da zai tsaya masa. Kuma don Allah kada a fito da shi daga gidan yari a wuce da shi gidan mari. Na ga iyalan da suka yi haka suna ganin sun yi dabara, sarƙa ta cinye ƙafar yaro, ciwon yana nan. A yi masa addu'a da ruƙiyya a gida, allura da ƙwaya kuma a bar wa likita. Daga ƙofar gidan yari Kware za ku nufa kafin Jega.

Kafin duk wannan ya kankama, a ziyara ta gaba ki nemi ganin ma'aikacin jinya na gidan yarin, ki nuna masa katin da sunan maganin da yake sha a da, ki tambaya ko za a karɓa in kun sayo. Idan kin samu lambar ƙarar, ki aiko mini ta hannun editan wannan shafi.